Godiya ga duk wanda ya tsaya mana lokacin da cuta ta shiga ɗakunan tantabarunmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mu da aka ɗora wa riƙon ƙungiyar masu kiwon tantabara ta yankinmu, bayan godiya ga Allah, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a hunturun da ya wuce, lokacin da cutar murɗewar wuya ta ratsa ɗakunan 'yan uwa. Yanzu ƙura ta lafa. 'Yan shila sun fara cika gurabe, an kuma buɗe saye da musaya a tsakaninmu. Waɗanda suka yi asara, Allah Ya mayar musu da mafi alheri.

Godiyarmu ta farko, kuma mafi girma, ga waɗanda suka fara buɗe baki ne suka ce akwai ciwo a ɗakinsu. Duk mai kiwo ya san nauyin wannan magana. Da zarar an ji, masu saye za su ja baya, wanda ya ba ka aron namiji zai fara ƙorafi, zuciya kuma tana raya maka ka kwashe masu sauran kuzari ka kai kasuwa kafin labari ya bazu. Waɗannan bayin Allah ba su yi haka ba. Sun ga tantabara tana shan ruwa fiye da kima, kashinta ya zama ɗan kore a tsakiyar ruwa tsululu, tana saran ƙwayar dawa tana kuskurewa, daga baya wuya ya juye har baki ya kalli sama, sai suka kira magatakarda a ranar. Cutar tana iya ɓoyewa a jikin tsuntsu daga 'yan kwanaki har zuwa makonni kafin ta nuna kanta, don haka tantabarar da ake gani lafiya lau a keji tana iya zama ita ce mai rabawa. Da sun yi shiru na mako guda, da ɗakunan da suka tsira ba su tsira ba. Saboda haka muka hana kowa yi musu gori, kuma hanin yana nan daram. Ranar da aka kunyata mai faɗin gaskiya, na bayansa ɓoyewa zai yi.

Muna gode wa likitan dabbobin da ya bi mu gida gida. Abu na farko da ya hana mu shi ne yanke hukunci da ido. Murɗewar wuya ba cuta ɗaya ke kawo ta ba: ƙwayar salmonela ma tana yi, sau da yawa tare da kumburin gaɓar fiffike, kuma ita tana jin magani. Akwai kuma tsoron murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Sai da aka ɗauki samfur aka kai ɗakin gwaji kafin ya ce mana 'yar uwar cutar Newcastle ce, irin wadda ta saba da jikin tantabara. Ita Newcastle tun 1926 aka san ta, kuma masu kaji a Arewa sun san lokacin hunturu ta fi ɓarna. Ƙwayar bairos ce. Kafso da garin maganin da ake zubawa a ruwa ba sa kashe ta, iyakarsu su tare wata cutar da za ta hau kai. Kuɗi mai yawa ya tafi a banza a kan magunguna kafin mutane su yarda da wannan.

Shi ne kuma ya warware mana batun rigakafi, inda aka fi tafka kuskure. Lasota, rigakafin Newcastle da ake ba kaji a ruwan sha, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ma take haɗawa, kariyarta ga tantabara ba ta da ƙarfi, ba ta kuma daɗewa. Wadda ta fi riƙe tantabara ita ce allurar da ake yi a ƙarƙashin fatar bayan wuya, a maimaita duk shekara. Ba a yi wa marar lafiya. Kariyar kuma sai bayan kimanin mako uku take kankama, don haka wanda ya yi allura yau ya saki tsuntsaye gobe bai yi komai ba. Duk nau'in biyu ana ajiye su a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ta allurar idan ta daskare ta lalace. Lasota in an haɗa ta da ruwa, a gama da ita cikin awa biyu, kada kuma a yi amfani da ruwan famfo mai kulorin, domin yana kashe ta. A nan muke gode wa 'yan uwan da suka ba da firijinsu mai aiki da hasken rana, da waɗanda suka riƙa ɗaukar kula da ƙanƙara a bayan babur, kwalba naɗe da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar. Maganin da ke cikin kwalba ɗaya ya yi wa mai tantabara goma ko ashirin yawa. Sai da aka haɗa kuɗi, aka tsara gidaje a rana ɗaya, sannan ta ƙare ba a zubar ba.

Matasanmu, Allah Ya yi muku albarka. Ku kuka yi aikin da ba mai so. Ga wanda bai gani ba, ga yadda suka yi: a yayyafa ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi, a kankare kashin tas daga ƙasa da gurabe da sandunan sauka, a wanke da sabulu, sannan a zuba bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a bar shi kamar minti goma, a ɗauraye, a bar rana ta busar. Wanda ya fesa bilic a kan kashi ya yi asararsa, domin datti yana kashe ƙarfinsa. Tukwanen ƙasa da suka tsage an fasa su, tun da ba sa wankuwa. Mushe an binne shi da zurfi ko an ƙone, ba a jefa a bola ba inda kare da muzuru za su ja. Sun kuma kiyaye ƙa'idar fara zagaye daga ɗakuna masu lafiya, a ƙare da masu ciwo, a wanke hannu, a canza takalmi.

Iyayenmu mata da matan gidajenmu, ba mu da bakin gode muku. Tantabarar da wuyanta ya juye, sau da yawa yunwa da ƙishirwa ke ƙarasa ta, don ba ta iya saita baki. Ku kuka zauna safe da yamma kuna buɗe baki da yatsa, kuna saka jiƙaƙƙen wake da dawa ƙwaya ƙwaya, kuna tsoma bakin a kofi mai zurfi har ta zuƙa. Da yawa sun miƙe ta wannan hanya bayan makonni. Maƙwabta masu kaji da suka yi haƙuri muka kulle tsuntsaye, su ma suka killace nasu, mun gode. Haka dattawanmu da suka kashe wutar rigima tun tana hayaƙi, lokacin da aka fara nuna yatsa kan wanda ya kawo cutar.

Sai magatakarda da ma'aji. Littafin rubuta saye da musaya da wasu ke ganin wahala ce kawai, shi ya nuna mana hanyar da ciwon ya bi: wa ya sayi me, daga hannun wa, a wace rana. Da shi aka san gidajen da za a fara rufewa. Asusun kuma da ake tarawa duk wata, kuɗin kwanon dawa ɗaya a farashin ranar, shi ya sayi allura da bilic ba a bi kowa bara ba. Mun ɗaure shi da kwanon dawa ne don kada a riƙa zaman gardamar ƙari duk lokacin da kasuwa ta motsa. Ma'aji zai ci gaba da karanta shiga da fita a gaban kowa a kowane zama.

Da yake masu neman shiga sun ƙaru, ga abin da aka amince da shi. Ba za mu karɓi mutane fiye da waɗanda za mu iya ziyarta ba. Sabon shiga zai zo ta hannun tsohon ɗan ƙungiya, a je a ga ɗakinsa, a haɗa shi da gwani ɗaya na unguwarsu har wata uku. Yawancin masu farawa a watannin farko suke karaya, idan ɓera ya sha ƙwai ko ƙurajen sauro suka kama 'yan shila da damina, ba su da wanda za su tambaya. Kowace unguwa tana da wakili ɗaya, shi ake fara kira. Duk tsuntsun da ya shigo daga waje, ko na kasuwa ne ko kyauta daga amini, zai yi kwana 30 a keji daban, da kwanon ruwansa da na abincinsa, a kuma duba shi bayan an gama da sauran. Aron namiji ma haka. Mun san wannan ya yi wa wasu tsauri, amma mun gwammace a ji haushinmu.

Tsohuwar rigimar nan ta tantabarar wani ta sauka a gidan wani, zoben ƙafa mai lamba ne maganinta. Ana saka shi ɗan shila yana kwana biyar zuwa bakwai: a tura yatsu uku na gaba, a kwantar da na baya a jikin ƙafa, a zura zoben, sannan a zaro yatsan bayan a hankali. In an wuce kwanakin ƙafa ta yi girma, in an yi gaggawa zoben ya zame a gurbi. Wanda baƙuwa ta sauka masa, ya ware ta, ya karanta wa wakili lambar, a mayar wa mai ita ba tare da kuɗin fansa ba, sai abin da ya ga dama na hatsi.

Zagayen allura na gaba za a yi shi kafin sanyi ya shigo, don kariya ta zauna da wuri. Wakilai za su bi gidaje su rubuta yawan tsuntsayen kowa, har da 'yan shilan da za su kai mako shida zuwa lokacin. A daren da za a zo gidanka, ka rufe ɗakin tun magariba bayan sun shiga, ka tanadi keji biyu, ɗaya na waɗanda aka yi wa, ɗaya na masu jira.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya tsare mana abin da ya rage. Wassalam.