Godiya ga waɗanda suka fito gayyar yashe kwata da dashen itatuwa

Assalamu alaikum. Mu dattawan da muka ajiye aiki, masu tattakin bayan sallar asuba a birnin Kano, tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan'agundi, muna godiya ga jama'ar unguwa bisa fitowar da aka yi ranar Asabar ta tsaftar muhalli, ƙarshen watan Yuli. Daga ƙarfe 7 zuwa 10 da aka tsayar da ababen hawa, an yashe kwata, an dasa itatuwa, kowa ya koma gida da ƙafarsa. Alhamdu lillahi.

Mai unguwa, Allah Ya ja zamaninka. Limamanmu da suka yi sanarwa a masallatai, Allah Ya ƙara lafiya.

'Ya'yanmu ma'aikatan jinya sun zauna da na'urar awon jini tun kafin a ɗaga shebur. Wanda jininsa ya kai 180 bisa 110 sun zaunar da shi a inuwa, suka ce ya ga likita. Wasu sun yi ƙorafi, amma gaskiyar yaran ce. Masu ciwon suga ba a bar su sun fara aiki da yunwa ba, domin mai shan magani ko allurar insulin idan ya yi aikin ƙarfi bai karya ba, sugansa na iya faɗuwa: gumi mai sanyi, karkarwa, jiri. A nan kokon da ƙosan da iyayenmu mata da ƙannenmu suka aiko suka yi rana. Allah Ya saka musu da alheri.

Samari su suka riƙe diga da baro, su suka shiga kwata da takalmin roba da safar hannu, saboda kwalba da ƙusa ba sa ƙarewa a cikinta. Dattawa suka tsaya a kan manjagara da nuna inda ruwa ke tokarewa. Mun fi yaba musu a kan abu ɗaya: ba su jibge dagwalon a bakin kwata sun tafi ba. Abin da ke kashe yawancin gayya ke nan, ruwa ɗaya sai ya mayar da shi inda ya fito. Kududdufan da suke shanye ruwan birni a da an cike da yawansu an yi gini, ga Agusta a bakin ƙofa, kwata ce kaɗai ta rage wa gidajen ƙasa.

Masu renon itatuwa da suka ba mu darbejiya da maɗaci da mangwaro, suka kuma tsaya aka dasa a gabansu, mun gode. Ga yadda suka nuna, don wanda zai yi a ƙofar gidansa. Rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi. Ƙasar sama a ware ta a gauraya da ruɓaɓɓen taki, ita za ta fara komawa. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu ƙona saiwa yake yi. A yanke leda a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙasar jikin saiwa ba. Wanda ya binne dashe da ledarsa, saiwar nannaɗewa take yi, bishiyar ta tsumbure. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, in ya nutse ruɓewa yake. A danne da ƙafa, a yi masa gurbi kewaye don ruwa ya zauna. Darbejiya da maɗaci manya ne, a ba su tazarar mita 6 zuwa 8, kada a matsa su jikin katanga ko masai, kada a sa su ƙarƙashin wayar lantarki. Sai kariya, ko ta bulo ko ta waya, a ranar. Akuyar birni ba ta jiran gobe.

Yanzu aiki ya dawo kanmu. Ruwan sama zai riƙe dashen zuwa ƙarshen Satumba, daga nan sai ban ruwa da hannu har damina ta zagayo, kuma zafin Maris zuwa Mayu ne yake kashe su. Samari suna makaranta da kasuwa. Wanda ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki ya huta, lokaci ne jarinsa. Don haka mun raba itatuwan, kowane dattijo da nasa. Jarka mai lita 25 ta ishi dashe biyu, sau biyu a mako, da yamma. 'Yan garuwa da suka yi alkawarin ajiye jarkokin a gindin itatuwan, mun gode ƙwarai, domin ɗaukar jarka ba aikin ƙugun dattijo ba ne. A zuba da buta ko ƙaramin bokiti, in an ga gara a barbaɗa toka.

Tattaki yana nan, minti 30, kwana biyar a mako, minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa ke nan. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya hira a cikinsa ba ka haki. Sabon shiga ya fara da minti 10, ya zo da takalmi rufaffe, ba silifas ba, musamman mai suga. Wanda ya ji nauyi a ƙirji ya tsaya nan take ya faɗa wa na kusa da shi. Hajiyoyi masu son tasu tawagar su sanar da matar mai unguwa, za a ware musu lokaci.