Ƙudan Zuman Adar da Matsayinsa a Wurin Masana

Ƙudan zuman da ke zama a kogon gawo, ko a amyar da manomi ya ɗora a kan reshe a kwarin Magiya, ɗan ƙasa ne wanda ba wanda ya shigo da shi, kuma ina ganin ya dace mu mutanen jihar Tawa mu san inda masana suka ajiye shi a cikin danginsa. Sunan jinsin gaba ɗaya Apis mellifera, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa masa a 1758, amma jinsin ya kasu rassa da yawa a Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya. Reshen da aka fi dangantawa da Afirka ta Yamma shi ne adansonii, wanda masanin ƙwari Latreille ya bayyana a 1804 don karrama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi shekaru yana nazarin tsirrai da dabbobi a Senegal.

An daɗe ana liƙa wannan suna ga kusan duk zuman da ke kudu da Sahara, har da waɗanda aka kai Barazil a 1956, kafin daga baya a tantance cewa waɗancan ƴan reshen scutellata ne na gabashi da kudancin nahiyar. Wanda ya fi kowa warware wannan ruɗani shi ne masanin ƙudan zuma Friedrich Ruttner, wanda ya riƙa auna tsawon harshen ƙudan da jijiyoyin fiffikensa da gashin cikinsa da launinsa, har a 1976 ya ware reshen jemenitica, ƙarami mai yawan rawaya, wanda ya bazu daga Yaman da Oman zuwa Sudan da Cadi da faɗin Sahel.

A nan ne maganar ta shafe mu, domin ƙasarmu tana daidai inda rassan biyu ke haɗuwa suna cuɗanya, adansonii ta kudu inda ruwa da itatuwa suka fi yawa, jemenitica kuwa ta ɓangaren da ya fi bushewa. Wanda ya tashi daga Ƙonni ko Madawa ya nufi Abalak zai ga furanni suna raguwa, amya tana wuyar gani. Saboda haka ba na jin daɗin yadda wasu masu ayyukan raya karkara ke rubuta sunan reshe guda a takardunsu ba tare da sun auna ko fiffike ɗaya ba.

Abin da ya fi burge ni game da wannan halitta shi ne yadda ta san lokacinmu. Idan damina ta ɗauke, gawo ya fitar da ganye da fure alhali sauran itatuwa suna shirin zubarwa, za ka ji gunjinta a samansa tun da hantsi. Idan bazara ta tsananta, ruwa ya ƙafe, takan bar saƙarta ta yi ƙaura, abin da masu amya ke kuka da shi, ko da yake da wannan hali ne ta tsira a ƙasar da zuman Turai ba zai jure ba. A lambunan Galmi kuma, ita ce ke bin fararen kawunan albasar da aka bari don iri, tana ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, shi ya sa manomin da ya fesa maganin ƙwari da rana lokacin da albasa ke fure yake rage wa kansa irin da zai shuka baɗi.