Wa ya ce ka jira ta?

Mako uku ke nan da jarrabawar, amma har yau in na zauna gaban fiyano sai kunya ta rufe ni. Wata 'yar ajinmu ce ta roƙe ni in buga mata a jarrabawarta ta ƙarshe, ta kuwa zaɓi kukan Dido, waƙar da sarauniyar ke rerawa dab da mutuwarta a wasan Dido and Aeneas na Henry Purcell, mai tsara kiɗa ɗan Ingila. Da na duba takardar sai na raina ta. Hannun hagu abu guda yake ta maimaitawa: ya gangaro sannu a hankali daga sautin G zuwa na D, ya rufe, ya sake farawa, har sau 11. Na ce wannan ko cikin barci na buga shi.

Ashe zagayen nan gaɓa biyar ne a ƙirgen kiɗa. Kunnena kuwa da huɗu ya saba tun ina yaro. Sannan Purcell bai daidaita numfashin mawaƙiya da zagayen ba, tana tsakiyar jimla hannun hagu ya riga ya koma farko. A gwajin da muka yi sau biyu ban gane ba, don idona na kan takarda. Ranar jarrabawa sai son burgewa ya kama ni, na rufe takardar na ce da ka zan buga.

Mun yi nisa kaɗan ta ja wani dogon sauti, ni kuma na ɗage hannu ina jiran ta sauka, yadda makaɗi ke yi wa mawaƙi a gidan biki. Ta juyo ta dube ni da bakinta a buɗe. Shirun bai wuce daƙiƙa biyu ba, amma na ji ƙarar fankar ɗakin sarai.

Da muka fito Malam ya tare ni a baranda. "Kai, wa ya ce ka jira ta? Kai ne ƙasa, ita ke takawa a kanka."

"Malam, na ɗauka..."

"Ka ɗauka. Je ka karanta wanda ka raina."

Na je na karanta. An haifi Purcell a Landan a 1659, yana yaro cikin mawaƙan cocin fadar sarki, muryarsa ta fashe a 1673 aka mai da shi mataimakin mai gyaran kayan kiɗan sarki. A 1679, yana ɗan shekara ashirin, ya zama mai buga ogan, wato babban abin kiɗan coci mai kama da fiyano, a Cocin Westminster, a nan kuma aka binne shi a 1695 kusa da ogan ɗin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wajen 1689 an yi wannan wasa a makarantar kwana ta 'yan mata a unguwar Chelsea ta Landan. 'Yan mata sun iya, ni da gemuna na kasa ƙirga biyar.

Wanda zai buga kukan Dido, ya yi mako guda da hannun hagu kaɗai yana ƙirgawa da baki, kuma ya bar takardarsa a buɗe. Ita dai ta ci jarrabawar da ƙyar. Muna gaisawa, amma a bikin yaye ɗalibai wani ta ɗauka ya buga mata.