Sa Hannun Da Ya Ci Wa Ɗalibina Shekara

Ranar da shugaban sashenmu ya kira ni ya ce an ba ni lebul kodineta, wato malamin da ke kula da rajistar kwasa-kwasan ɗalibai, na 'yan aji biyu, ji na yi kamar an aza mini buhun gero. Shekarar 2010 ce, ina ƙaramin lakcara, hankalina duk yana kan takardun binciken da za su kai ni mataki na gaba. Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama," na fito ina ƙunƙuni. Duk wanda ya yi aiki a jami'o'inmu ya san wanda ake jibga wa wannan aiki: sabon shiga, wanda bakinsa bai isa ya ce a'a ba. Ɗan makin da aikin yake kawowa a fom ɗin ƙarin girma bai taka kara ya karya ba. Takarda guda a mujallar bincike ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Ku ƙannena da kuka fara koyarwa a jami'a, da ku da kuke zaune a benci kuna jiran digiri, da ku nake.

Aikin kodineta a baki ba wuya. Farkon kowane zango ɗalibi zai cike fom ɗin kwasa-kwasan da zai ɗauka, kada su gaza kiredit 15, kada su haura 24. In yana da kari-oba, wato kwas ɗin da ya faɗi a baya, shi zai fara sawa kafin sababbi. Kai kuma ka duba, ka tabbatar bai tsallake na dole ba, ka sa hannu. Shi ke nan. Ni kuwa na gano hanyar da ta fi wannan sauƙi. Na ce da kilas raf, wato wakilin ajin, ya tattaro mini fom ɗin kowa. Ya kawo su cikin wani kwalin taliya, sun fi ɗari. Bayan Magariba na zauna a tsakar gida, rediyo na gefe ana labarai, na dinga ɗaga kusurwar kowace takarda ina zarga sa hannu. Ko sunayen ban karanta ba. Kafin a kira Isha na gama, har ina yaba wa kaina da iya tsara lokaci.

A ajin akwai wani bawan Allah da ya girmi sauran. Da NCE ya shigo, kai tsaye aji biyu, irin shigar da ake kira DE, bayan ya yi shekaru yana koyarwa a firamaren ƙauyensu. Aikin ma ajiye shi ya yi don ya zo karatu. Kullum a bencin gaba yake, da wata shadda ruwan toka da wanki ya cinye. Sau biyu yana tare ni a baranda. Ya rusuna ya ce, "Malam, an ce wai akwai wani kwas ɗin Turanci da mu 'yan DE za mu ɗauka, ban gan shi a jerin da aka kafe ba." Na farko na ce ya dawo gobe. Na biyu ina sauri zan je shagon intanet in tura wata takarda, na ce masa, "Ka tambayi 'yan ajinku mana." Ya tambaye su. Su kuwa tun aji ɗaya suka yi kwas ɗin, suka ce masa babu wani abu.

Ba a gano ba sai ƙarshen 2012, da jami'in jarrabawa ya zauna haɗa sakamakon masu fita. Mutumin bai taɓa faɗuwa ko kwas ɗaya ba. Amma ga gurbi nan fayau, kiredit biyu na dole, bai taɓa rajistarsu ba. Kwas ɗin kuma a zangon farko kawai ake koyar da shi. Dole ya dawo sifil-oba, wato ya ƙara shekara bayan 'yan ajinsu sun fita, ya sake biyan kuɗin makaranta da na haya saboda lakca ɗaya a mako. Ya rubuta, ya ci. Kafin sakamakon ya kai gaban majalisar jami'a, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tafi yajin aiki ranar 1 ga Yulin 2013, ba a janye ba sai tsakiyar Disamba. Da sunansa ya fito, ya haura shekara 30, wanda kuwa ya gama digiri bayan ya wuce 30 takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa. Alawus ɗin masu bautar ƙasa a lokacin Naira 19,800 ne a wata. Na san ya riga ya yi lissafi da kuɗin nan, don ya taɓa faɗa a aji cikin raha cewa da su zai gyara ɗakin tsohuwarsa.

Sakacin sa hannu kuskure ne. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da na ce masa ranar da abin ya fito. Ya shigo ofis riƙe da fom ɗinsa na aji biyu, ga sa hannuna ɓaro-ɓaro a ƙasa. Maimakon in ɗauki takardar in hau sama wurin shugaban sashe in ce laifina ne, a duba ko akwai mafita, sai na ɗaure fuska na ce, "Ai kai ba yaro ba ne. Ba a ba ku littafin ƙa'idoji ba?" Ya yi shiru, ya naɗe takardarsa, ya ce, "Haka ne, Malam." Tsoro ne ya sa ni faɗin haka, tsoron kada a rubuta mini takardar tuhuma ana dab da duba ƙarin girmana.

A 2015 na samu gurbin wata tara na bincike a wata jami'a a Amurka. Dab da ƙarshen shekarar karatu aka aiko wa kowa gayyata zuwa bikin karrama malaman da suka yi fice wajen koyar da 'yan digirin farko da ba su shawara. Na je ne don an ce akwai abinci. Da aka zo rukunin ba da shawara, har na taɓa abokina ɗan Ghana na ce, "Ka ji fa, kyautar sa hannu a fom." Matar da aka kira ba farfesa ba ce, aikinta ke nan kacokan, zama da ɗalibai a kan kwasa-kwasansu. Kafin a miƙa mata allon yabon, aka karanto guntayen wasiƙun tsofaffin ɗalibanta. Babu wanda ya ce ta iya magana ko tana da kirki kawai. Kowa abu takamaimai ya kawo: ta lura na daina zuwa aji ta neme ni, ta hana ni haɗa kwasa-kwasai uku masu nauyi a zango ɗaya, ta gano saura kiredit uku in rasa tallafina. Abincin nan bai shiga ba.

Daga baya na roƙe ta in zauna in ga yadda take aiki. A jami'ar, ɗan aji ɗaya ba ya iya rajista sai ya gana da mai ba shi shawara, kwamfuta ce ma za ta kulle shi. Yarinya ta shigo, matar ta buga takarda guda mai ɗauke da duk abin da digirin yake buƙata: wanda aka yi, wanda ake yi, wanda ya rage. Ta juya takardar ta fuskanci yarinyar, ta ɗora biro a layin farko, suka bi layi-layi har ƙasa. Sai ta tambaye ta awa nawa take aiki a mako, da ƙarfe nawa take kwanciya. Minti ashirin. Na zauna ina lissafin cewa ko minti biyu na ba mutumin nan a baranda, da ya tafi bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu.

Su can sun daɗe da mai da abin sana'a. Ƙungiyar masu ba ɗalibai shawara, NACADA, an kafa ta tun 1979, ofishinta na Jami'ar Jihar Kansas, kuma duk shekara tana karrama waɗanda suka yi fice. A ɓangaren koyarwa, Jami'ar Baylor da ke Texas tana ba da kyautar Robert Foster Cherry duk bayan shekara biyu, Dala 250,000 ga malami guda, a ƙara wa sashensa Dala 25,000, shi kuma ya je Baylor ya koyar na zango ɗaya. Birtaniya ta fara tata lambar yabo ta ƙasa ga malaman jami'a a shekarar 2000. Mu a nan, manyan kyaututtukan da ɗan jami'a yake mafarki, irin lambar yabo ta ƙasa ta NNOM da kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG mai Dala 100,000, na bincike ne da ƙirƙira. Kyautar gwarzon malami ta Maltina da aka fara a 2015 kuwa da malaman sakandare aka buɗe ta.

Kada ku ɗauka na dawo ina ganin lambar yabo ita ce magani. Ko a can malamai suna gunaguni a kanta. In aka dogara da ƙuri'ar ɗalibai zalla, mai rabon maki da mai ban dariya su za su riƙa lashewa, a bar wanda yake matsa wa yara su yi karatu. Shi ya sa masu hankali a cikinsu ba sa tsayawa nan: sai abokan aiki sun shiga aji sun gani, sai an duba tsarin kwas da irin tambayoyin jarrabawa, sai an nemi wasiƙun waɗanda suka gama da jimawa, waɗanda ba su da sauran maki a hannun malamin. A wurinmu kuma ina tsoron ranar da za ta koma ta 'yan gaban goshin shugaba, ko irin allunan da ƙungiyoyin ɗalibai suke kai wa mai kuɗi ofis a jira tukuici. Abin da ya burge ni ba allon ba ne. Dalilin ƙirƙiro shi ne: sun yarda cewa ma'aunin ƙarin girma ba ya ganin wannan aiki, suka nemi wata hanyar da za a gan shi.

To, kai sabon lakcara, ba zan yaudare ka ba. Rubuta takardunka. In ba ka rubuta ba za ka tsufa a mataki ɗaya, ɗalibanka su dawo su zama shugabanninka. Amma ware awa biyu a mako, ka rubuta a ƙofa, ka kuma zauna ɗin. Kada ka sa hannu a fom sai mai shi yana tsaye, da sakamakonsa na baya a hannu. Ka ware 'yan DE da waɗanda suka canjo sashe da masu kari-oba a jeri na daban, don a nan ramin yake. Littafin ƙa'idojin da nake yi wa ɗalibai gori da shi, ni kaina ban karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba sai bayan abin ya faru. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ce ba ka sani ba, ka ɗauki waya ka tambayi jami'in jarrabawa a gaban yaron.

A aji ma na yi nawa. Na gaji maganar nan ta rabon maki, "A ta Allah ce, B tawa ce, ku yi ta kokawa a kan C," na riƙa faɗinta ranar lakcar farko ina jin daɗin yadda ajin yake yin tsit. Na yi shekara huɗu ina karanto musu notsin da aka karanto mini. In rabin aji suka faɗi, sai in shiga ɗakin malamai ina ba da labari kamar na ci kofi. Wani dattijo a sashenmu, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa ce mini, "Ɗana, in tela ya ɗinka riguna ɗari hamsin suka ƙi shiga, ba wuyan mutane za a zarga ba." Na yi dariya a lokacin.

Ku kuma ɗalibai, sa hannun kodineta ba ya nufin an duba. Ni shaida ne. Nemi jerin duk kwasa-kwasan da ake buƙata kafin a ba ka digiri tun a zangonka na farko, ka manna a bangon ɗaki, kana ci kana sokewa. Kowane fom ka yi masa hoto ka ajiye, har da rasit. In malami ya ce ka dawo gobe, ka dawo goben, in ya sake korar ka ka wuce wurin jami'in jarrabawa ko shugaban sashe cikin ladabi. Kunya da kawaici suna da wurinsu, amma ba a kan kiredit biyu ba. Kada ka bari sai aji huɗu ka fara ƙirga, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma Allah Ya haɗa shi da malamin da ya tsaya masa, ya rubuta masa wasiƙa bayan ya gama, ya faɗi takamaiman abin da ya yi, ya aika kwafi ga shugaban tsangaya. In babu bikin da za a karanta ta, za ta shiga fayil, kuma shi zai karanta.

Ganina na ƙarshe da mutumin nan a farkon 2014 ne. Ya zo kiliyarans, wato sa hannun sallama na mai barin makaranta, takardar kuma sai da sa hannuna. Shaddar nan ce dai a jikinsa. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya miƙo takardar da hannu biyu. Na zaro biro ina neman wurin da zan sa, ban ma ɗago kai ba. Sai ya ɗora yatsa a gefen takardar, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, don Allah a duba tukuna."