Talata a Dutsen Takao

Yau na bar cunkoson Tokyo na hau Takao, dutsen da ke yammacin birnin a yankin Haciyoji, mai tsawon mita 599. Ranar aiki na zaɓa da gangan, domin Asabar da Lahadi na watan Nuwamba, lokacin da ganye ke rikiɗa ja, sai an yi layi a kan hanyar dutsen kanta.

Daga Shinjuku jirgin ƙasa na layin Keio ake shiga, tafiyar kusan minti 50. Inda baƙi ke ɓata shi ne tashar Kitano, domin a nan layin ya rabu biyu: wani jirgin tashar Keio-Haciyoji yake nufa, wanda ya shiga shi sai ya sauka ya canza. Kuma kada a sauka a tashar Takao. Takaosanguci, ta ƙarshe, ita ce gindin dutsen.

Hanyoyin dutsen lambobi gare su, ni hanya ta 6 na bi wajen hawa, kilomita 3.3, awa ɗaya da rabi ga mai tafiya a natse. Rafi take bi ta cikin kurmi, ta wuce magangarar ruwa ta Biwa. Babu shago ko banɗaki a kanta, don haka a gama komai a tasha, a riƙo ruwan sha. Can sama hanyar na shiga cikin rafin kansa, ana taka duwatsu ɗaya bayan ɗaya, kuma idan an yi ruwa jiya santsi gare su. Takalmi mai lafaffen ƙasa ba zai kai mutum ba. Daga nan sai doguwar matakala ta katako, wadda ita ce ke cin numfashi. A lokutan cunkoso hawa kawai ake bari a yi ta wannan hanya.

Daga ƙololuwa na hango Dutsen Fuji ya fito tar. Da safe a lokacin sanyi ake samun haka, rana na ɗagawa hazo kan rufe shi. Babu kwandon shara a dutsen, kowa da ledarsa yake sauko da abin da ya tara.

Na sauko ta hanya ta 1, mai kilomita 3.8, wadda ta ratsa wurin ibadar 'yan Buda na Yakuo-in, da aka kafa a shekarar 744. Ƙarshenta gangara ce mai tsanani a kan siminti, tana wahalar da gwiwa. Mai ciwon gwiwa ya shiga taragon da ake ja da igiya, minti 6 ya kai shi ƙasa.

Abincin Takao shi ne tororo soba: taliyar garin soba (wata tsaba mai kama da hatsi), an zuba mata ɗanyar doyar dutse da aka gurza har ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ana cinta da zafi ko da sanyi, wasu shagunan na ɗora ɗanyen ƙwai. Bayan hawa, mai zafin ce ta fi shiga jiki. Sai dai Musulmi ya kula da romon. Da busasshen kifi da ruwan waken soya ake haɗa shi, amma kusan kullum da mirin a ciki, wato giyar shinkafa mai zaƙi ta girki, kuma ganin babu nama a kwano ba ya nufin babu ita. A tambaya tun kafin a zauna. Mai son kauce wa shakka ya nemi soba mai sanyi, wadda ake kawo romonta a kofi daban, ya ci da gishiri da doyar kawai. Ɗanyar doyar kan sa wasu ƙaiƙayin leɓe, garin soba kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa sam, har ya kai su asibiti.

A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shagunan ba duka ke karɓar kati ba. A wannan watan rana na faɗuwa wajen 4:30, kurmin kuma yakan yi duhu kafin nan, don haka ƙarfe 3 ta yi wa mutum yana kan saukowa.