Teburin ya cika cikin daƙiƙa, bishiyoyin ne suka ƙi ƙarewa

Duk wanda ya yi darasin li'irabi ta kwamfuta ya fito da abu ɗaya a kansa: nahawun CFG (context-free grammar, wato jerin ƙa'idojin da ke nuna yadda kalmomi ke haɗuwa su zama yanki, yankuna su zama jimla) ana warware shi da dabarar CYK ko ta Earley, kuma aikin ba ya wuce n sau n sau n, inda n ke nufin yawan kalmomin jimla. Idan tsawon jimla ya ninka, aiki ya ninka sau 8. CYK tebur take cikawa, gida ɗaya ga kowane yanki na kalmomi masu bin juna, don haka jimla mai kalma 40 tebur ne mai gida 820 kacal. Da wannan tabbacin na rubuta wa Hausa ƙaramin nahawu, na haɗa shi da manhajar da na tsara da Python, don ta riƙa fitar da bishiyar li'irabi ta jimlolin labarai, wato zane mai rassa da ke nuna yadda sassan jimla suka haɗu. Gajerun jimloli sun wuce salin-alin. Da na ba ta jimlar jarida ta gaske, irin mai tsawon layi uku, sai kwamfuta ta ɗauki zafi, ma'adanarta ta cika, ta tsaya cik.

Na daɗe ina neman ƙwaro, wato kuskuren manhaja, a wurin cika teburin, kuma babu komai a can. Da na sa agogo a kowane mataki, sai na ga teburin yana cika kafin in ɗauke hannu daga madanni. Inda take mutuwa shi ne layin ƙarshe, wanda ke cewa a jero mini dukkan bishiyoyin da jimlar za ta iya samu.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda ake koyar da wannan lissafi. Alkawarin da Kasami da Younger, biyu daga cikin waɗanda aka yi wa CYK suna da su, suka tabbatar a shekarun 1960 na amsa tambaya ɗaya ne: shin nahawu ya yarda da wannan jimla ko a'a? Teburin kuma yana iya riƙe duk fassarorin a dunƙule, domin yankin da bishiyoyi dubu suka yi tarayya a kansa sau ɗaya ake ajiye shi. Amma kwance su ɗaya bayan ɗaya wani aiki ne daban, kuma ba ya cikin alkawarin.

Dubi wannan: "Malam ya ga yaro a kan babur." Wa ke kan babur, Malam ko yaron? Hanya 2 ke nan. Ƙara "a bakin kasuwa", sun zama 5. Ƙara "kusa da masallaci", 14. Na gaba 42, sannan 132. Idan irin waɗannan yankuna suka kai 10, bishiyoyi 58,786 ne. Jerin lambobin Catalan ke nan, kuma tun 1982 Church da Patil suka nuna cewa haka harshen damo ke hayayyafa a jimlolin Ingilishi. Hausar labarai ba ta fi sauƙi ba. A "sarakuna da hakimai da dagatai na jihar", su wa "na jihar" ya shafa, dagatai kaɗai ko duka? Wannan ruɗanin ba tarawa yake yi a kan na farko ba, ninka shi yake yi. Mai karatu ba ya ma lura, hankalinsa ya zaɓi ma'ana ɗaya ya wuce. Nahawun da na rubuta ba shi da wannan hankalin, duk abin da ƙa'ida ta halatta sai ya ƙirga shi.

Wani abokin aiki ya ce mini ai CFG ce ta yi wa harshen ɗan Adam kaɗan, in koma nahawun TAG (tree-adjoining grammar), wanda ya fi CFG ƙarfi. Maganarsa tana da tushe, domin a 1985 Shieber ya nuna cewa Jamusancin Suwizalan yana da ginin jimla da CFG ba za ta iya ɗauka ba. Sai dai li'irabin TAG n sau n har guda shida yake ci, a jimla mai kalma 40 lissafin ya haura biliyan 4. Kuma ba ƙarfin nahawu na rasa ba. Nawa ya riga ya karɓi fiye da kima, ƙara masa ƙarfi ba zai rage bishiya ko ɗaya ba.

Abin da ya fitar da ni mai sauƙi ne, har na ji haushin sauƙinsa. Na daina neman jerin. Na ba kowace ƙa'ida nauyi gwargwadon yadda take yawan fitowa a jimlolin da na yi wa li'irabi da hannu, sannan a kowane gida na tebur, ga kowane rukuni, na ajiye hanya mafi nauyi kawai, wato salon Viterbi. Jimlar da ta durƙusar da kwamfuta ta fito nan take. Idan ina son sanin yawan fassarori, sai in ƙirga su a cikin teburin ta hanyar tarawa da ninkawa, ba tare da na gina ko ɗaya ba. Wannan adadin yanzu shi nake fara dubawa duk lokacin da na taɓa nahawun. In sabuwar ƙa'ida ta sa ya yi tsalle, na san ta buɗe wata ƙofa da ban nufa ba.

Akwai kuma girman nahawun kansa, wanda ake yawan ɓoyewa a lissafin kamar ba ya canzawa. Yana canzawa. Da na shigar da jituwar jinsi da adadi, "ya" da "ta" da "sun", "-n" da "-r", kowane yankin suna ya rabu gida uku, ƙa'idoji suka ƙaru, cika tebur ya ɗan yi nauyi. Wannan kuɗin na biya da farin ciki, domin jituwar tana kashe fassarorin banza tun da wuri: a "motar malamin da ta lalace", "ta" ta riga ta nuna mota ake nufi, bishiyar da ta ce malamin ne ya lalace ba ta ma shiga tebur.