Kafin a ce fushin Allah ne, a je a duba gindin jinga

Aikin jinga nake yi, da duba gidajen da ruwa ya ci a ƙauyukan bakin kogin Haɗeja, wajejen Auyo, Miga da Kafin Hausa. Duk garin da muka shiga bayan ambaliya, magana uku ke tarbarmu. Dattawa a ƙofar masallaci su ce zunubi ne ya yi yawa, Allah ya yi fushi. Masu kawo kayan agaji su ce sauyin yanayi ne. Matasa kuma su ce sauyin yanayin nan siyasa ce kawai ta neman kuɗin Turawa. Abin da ke ci mini rai shi ne kowa ya faɗi tasa sai a watse, ba wanda ya taka ya ga inda ruwan ya ɓalle.

Mu daga can muke farawa. Ruwa yakan bar zanen laka a jikin bango. Mu auna tsayinsa daga ƙasa, mu shafa fenti, mu tambayi masu gida ƙarfe nawa ya shigo kuma ta ina. Sau da yawa ba ta kogi ya zo ba, ta baya ya zo, daga kududdufin da aka cike aka yi gini a kai, ko kwalbatin da leda ta toshe. In kuwa jinga ce ta fashe, da wuya ka rasa ɗaya cikin uku: mashigar shanu da ta lotsa, ramin ɓera ko gara, ko wurin da aka haƙi ƙasa a gindinta aka buga tubali da rani.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ƙauye. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin ya daina ƙafewa da rani kamar da. Ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta riƙe laka, hanyar ruwa ta cushe. Ruwan da ya rasa hanya kuwa gona da gida zai nufa.

Ba na musun sauyin yanayi. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa ruwan sati guda ke zubowa a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya. Amma madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumban 2024 ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994. Yawan ruwan sama ya bayyana nauyin da madatsa ta ɗauka. Bai amsa tambayar me aka gyara cikin shekara 30 ba. Wanda ya tsaya a kan sauyin yanayi kaɗai ya rufe wannan tambaya.

Maganar fushin Allah ta fi wuyar taɓawa, don haka liman nake fara samu kafin mai unguwa. Nakan ce, Allah gafarta malam, komai da ƙaddara yake, amma wa ya sanar da mu cewa wannan azaba ce? Hadisin Bukhari da Muslim ya lissafa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai. Sayyidina Umar kuma da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, cewa ya yi daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Bai kamata matar da ɗakin ƙasa ya danne ɗanta ta ji a wa'azi cewa laifinsu ne ba. Na kuma lura garin da limaminsa ya yi shelar aikin gayya bayan sallar Juma'a, jingarsa kan tashi kafin ruwan Agusta.

Ita kanta jingar, kuskuren da aka fi yi shi ne cika buhu taf. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ake zuba yashi, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar tubali, kowane buhu ya hau gaɓar biyun da ke ƙasansa, a tattake da ƙafa. Faɗin gindi ya ninka tsayi sau uku: jingar mita ɗaya, gindin mita uku. Leda a ɓangaren ruwa ake shimfiɗa ta, a danne da buhu sama da ƙasa. Ƙasar cikawa kuma daga nesa za a ɗebo.

In kogi ya cika, a raba matasa su riƙa zagaye da tocila dare da rana, suna duban bayan jingar. Ruwan da ke tsatsa garau bai cika zama matsala ba. In ya fara fitowa da laka, cikin jingar yake ci. Kada a toshe ramin, zai ɓulle ta wani wuri. A kewaye shi da zoben buhu har ruwan ya taru ya daina jan ƙasa, a kuma fara kwashe tsofaffi da yara zuwa tudu tun a lokacin.